Man Gyaɗa a Cikin Kyamara

Hoton nan da ke rataye a ɗakina, wanda nake zaune kusa da gwaggonku Hajo, na san abin da ake cewa a kansa. Jikoki suna dariyar fuskata, wai kamar an gurfanar da ni gaban alƙali. Wasu 'yan'uwanmu na Maiyama sun ce farin hasken da ya ratso ta kusurwa, daidai kafaɗarta, alama ce ta bayin Allah na gari. Akwai kuma maganar da ba a yi a gabana amma tana iso ni, cewa duk wanda kyamarata ta ɗauka ba ya daɗewa a duniya. Ina so in rubuta muku yadda abin ya gudana tun da sauran hankalina, domin ba na son in bar ku da labarin da ba haka yake ba, ko da mai daɗin ji ne.

Kun san ban yi karatu mai nisa ba. Da na gama firamare aka kai ni shagon wani Bayarabe mai ɗaukar hoto a bakin kasuwar Jega, na yi masa shara da ɗebo ruwa har na iya aikin. Da zai koma garinsu ya bar mini ɗaya daga cikin kyamarorinsa, baƙa mai ido biyu, ɗaya a saman ɗaya. Ba irin wadda ake karawa a fuska ba ce. Rataya ta ake yi a wuya ta sauko kan ciki, a buɗe murfin sama, a sunkuya a leƙa wani gilashi da bai kai tafin hannu ba, sai ka ga mutumin a ciki, damansa ya koma hagu. A gefe akwai hannu da ake murzawa ya ja fim, a gaba kuma maɓalli. In ka danna, wasu siraran ganyayen ƙarfe da ke cikin idon ƙasa su buɗe su rufe kamar ƙiftawa. Su muke ce wa ƙyaure. Da ita na ci abinci, da ita na yi aure. Nakan ɗaura ta a keke in tafi suna Katanga, in tafi biki Dangamaji, ranar kasuwa kuma in kafa baƙin ƙyalle a jikin bango in jira masu son hoton fasfo. Ko a lokacin ni mutum ne mai yawan saƙe-saƙe. Sai in tsaya a tsakiyar hanya in kwance ƙunshin in duba ko na rufe bayanta, alhali na san na rufe.

Babban wanmu, Yaya Arzika, fataucin albasa yake yi daga Aliero zuwa Kudu. Wata shekara da bazara ya aiko in zo in ɗauke shi a gaban mota, domin ranar ce ya fara cika mota guda da kayansa shi kaɗai. Na ɗauke shi ya dafa buhu yana dariya. Motar ba ta kai inda za ta ba. Ta kife a hanya, aka binne shi can, ko gawarsa ba mu gani ba. Bayan an share makoki na wanke hoton na kai wa Innarmu, ina tsammanin zai sanyaya mata rai. Ta kalle shi, ta kifa shi a kan tabarma, ta ɗago ta dubi kyamarar da ke wuyana.

"Hali, hitar min da abin ga daga gida."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ba ta ce kyamara ce ta kashe shi ba, babu kuma wanda ya ce haka a lokacin. Amma tun daga ranar, duk wanda na leƙa a cikin gilashin nan sai in ji kamar ban kwana nake yi da shi. Hotuna suka soma fitowa a girgize. Na naɗe ta a tsumma na tura ƙarƙashin kaya a adakar ƙarfe ta uwarku Kulu, na koma noman albasa da ɗan tireda. Na san camfi ba abin Musulmi ba ne. Na san rai da ajali na Allah ne. Nakan yi istigfari a kan tsoron, sannan in shiga wani tsoron, cewa istigfarin bai karɓu ba tunda na farkon bai fita ba. Shekara talatin da wani abu ban ɗaga murfin adakar nan ba.

Yaya Hajo ita ta goye ni ina jariri, kuma ita kaɗai ta rage mini a cikin waɗanda muka fito ciki ɗaya. Ta yi aure a Maiyama, mijinta ya rasu, ta zauna da babbar 'yarta Hassi. Ba ta da hoto a duniya sai na katin shaida, wanda ta ce ba ita ba ce, wata mata ce mai fushi. In jikoki suka ɗaga waya sai ta ja mayafi ta rufe fuska. A shekarar da nake ba ku labari, damina ta yi nisa aka gano ƙari a cikinta, likitoci a Birnin Kebbi suka ce sai an yi aiki, suka sa rana. Na je gaishe ta na iske ta jingine da bango ta rame, amma bakin nan nata yana nan.

"Hali, ina abin nan naka mai ido biyu?"

"Wane abu, Yaya?"

"Kak ka raina min wayo. Wanda kaka ratayawa ga wuya kamar laya."

"Tana nan. Ta daɗe a ajiye, ban san ko tana aiki ba."

"To ka tashe ta. Ina son ka ɗauke ni kahin a kai ni wurin masu wuƙa."

Hassi ta ce, "Inna, ga waya nan, yanzu-yanzu sai a ɗauke ki ki ga kanki."

"Ba ni so. Wagga taku a tura ma mutum ita ga hanci kamar za a ɗura mai magani, kahin ka gyara kallabi an gan ka Ikko. Ta Hali kuwa, mai ɗauka shi ka sunkuyar da kai. Yaro na tsaye gaban babba, kai nai ƙasa. Ita nika so. Takarda guda, a aje cikin ɗaki."

Da na tashi tafiya Hassi ta biyo ni har zaure, ta durƙusa ta rage murya.

"Kawu, don Allah ka ce ta lalace. Na ji labarin Kawu Arzika."

A nan na gane ashe ba ni kaɗai nake ɗauke da abin ba, ya bi dangi a ɓoye har ya kai ga waɗanda suke yara a lokacin. Na hau mota zuwa Jega ina ta tunani. In na ƙi, na hana mara lafiya abu guda da ta roƙa. In na yi, kuma wani abu ya faru, ban san inda zan sa kaina ba.

Washegari bayan azahar na sa aka jawo adakar tsakar ɗaki. Na yi bismillah na tono ta. Abin da ya kamata ya ba ni mamaki tun farko shi ne tsumman ba wanda na naɗe ta da shi ba ne, kuma fatar jikinta tana sheƙi, babu tsaga ko ɗaya. Amma hankalina ba ya wurin. Na murza hannun, ya ɗan tafi ya cije. Na danna maɓalli, ya nutse ba ƙara. Wallahi sai na ji daɗi a raina, na ce shi ke nan, Allah ya raba ni da ita. Ban gama jin daɗin ba kunya ta kama ni. In na je Maiyama na ce ta lalace alhali ban gwada komai ba, ai na yi wa yayata ƙarya, ko da kalmomin gaskiya ne. Sai na zauna a bakin ƙofa inda haske yake, na soma bin ta gaɓa-gaɓa kamar yadda maigidana ya koya mini, shi da kullum yake cewa abin da ya cije ba a tilasta shi, a nemi abin da ya riƙe shi. Na buɗe bayanta, babu fim, babu tsatsa. Baƙin zaren da ke kewaye da bakin murfi, wanda ke hana haske shiga, ya ruɓe ya zama kamar kwalta, yana manne wa yatsa. Na ɗaga ta sama na leƙa ta cikin idon ƙasa, sai na ga ƙyauren ya tsaya rabi a buɗe, kamar idon mai gyangyaɗi, ganyayen suna wani ƙyalli ja-ja da ban san su da shi ba. Akwai wani ɗan kunne a gefe da ake ja in mai hoto yana son ya ruga ya shiga cikin hoton kafin ta ɗauka. Na ga ya tsaya a tsakiyar hanyarsa, na kuwa san in wannan ya maƙale babu abin da zai motsa. Na taɓa shi a hankali da tsinken tsintsiya, ya yi ɗan gurnani ya sake shiru. Da safe na rufe idanunta na ajiye ta a rana ta yi ɗumi. Da na ɗauko, ƙyauren ya rufe da kansa, sannu-sannu kamar tafiyar hawainiya. Ta huce, ya sake ƙamewa. Nan na san ba karyewa ta yi ba, wani abu ne ke riƙe da ita, mai narkewa da zafi. Kuma nan na san ba ni da mafita mai sauƙi.

Na kai ta wurin Mande, abokina tun na ƙuruciya, mai gyaran agogo a kasuwa, wanda yanzu rabin teburinsa cajar waya ce. Yana ganin ƙunshin ya gane.

"A'a, Mai Hoto! Yau wace rana, an sako ɗan sarƙa?"

"Bar wasa, Mande. Diba min."

Ya maƙala gilashinsa na ido ɗaya ya leƙa, ya juya ta, ya sake leƙawa. Sai na ga ya cire gilashin ya kai ta hanci. Ya shinshina ya ɗago yana kallona.

"Wagga kyamara ce ko kaskon ƙosai?"

"Kamar yaya?"

"Man gyaɗa na, wallahi. Ya tsuhwa ya zama danƙo. Ga man kaɗe kuma ga hwata. Kai da ka yi shekaru kana aikin ga, ba ka san ba a ba ta mai ba?"

"Ni ban sa mata komai ba. Ban ma taɓa ta ba tun shekarar rasuwar Yaya Arzika."

"To aljannun adakarku na da kirki."

Na dawo gida na iske uwarku tana tankaɗe a gindin turmi. Na tambaye ta ko ta san wanda ya taɓa kyamarar. Ko ɗagowa ba ta yi ba, da alama ma alfahari take ji.

"Ni ce, Malam. Duk shekara in ruwa ya ɗauke na hid da kaya shan iska, sai in shahe hwatar da man kaɗe kada ta tsage. In samo gashin kaza in ɗiga mata man gyaɗa duk inda na ga rami, kamar yadda nika yi ma ƙyauren ɗaki da injin taliya. Na ce wata rana za ka neme ta, kada ka iske ta yi tsatsa."

Na tsaya ina kallonta. Ta ɗago ta ga fuskata, sai hannunta ya tsaya.

"Na ɓata ta?"

Na kau da kai. Ta ajiye rariyar ta shiga ɗaki, ranar a gidan nan ba a ji muryarta ba. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Duk shekarun nan da nake kewaye adakar kamar akwai maciji a ciki, ita tana buɗewa, tana shafawa, tana jiran ranar da zan warke. Ba ta taɓa ce mini uffan ba.

Da na koma, Mande ya gaya mini gaskiya. Babu yadda za a yi sai an kwance idon, a fitar da ganyayen ƙyaure ɗaya-ɗaya a wanke. Ya ce sirantarsu kamar ɓawon albasa, in guda ya lanƙwashe an gama, domin babu inda za a samo wani. Ya ce idonsa ba kamar da ba, hannunsa ma haka.

"In na buɗe, ban yi alkawarin ta koma ba. In ka bar ta hakan ga, ka tahi ka ce ma Hajo mai gyara ya ce ba tabbas. Ba ka yi ƙarya ba."

Ga ƙofa ya buɗe mini, ta halal. Na zauna a bencinsa ina jin hayaniyar kasuwa kamar daga nesa. Na tuna Hassi durƙushe a zaure. Na tuna hoton da Inna ta kifa a tabarma. Amma kuma na ga in na bar ta haka, labarin da zai zauna a gidanmu shi ne Kulu ce ta kashe kyamara da man gyaɗa har Yaya Hajo ba ta sami abin da ta roƙa ba, uwarku kuma za ta ɗauki wannan kamar yadda na ɗauki nawa. Na san nauyinsa, ba na yi wa kowa fatansa. Na ce masa ya buɗe.

Mun yi aikin a cikin shagon wani tela da ya ara mana kusurwa, saboda iska. Mande ya shimfiɗa farin faranti, duk ƙusar da ya kwance sai ya jera ta bi da bi yadda ta fito. Ni aikina in riƙe fitilar waya in kuma hana kowa jingina da tebur. Da ya ɗaga murfin ƙyauren, warin tsohon mai ya bugo mu, ciki duk ya yi ja ya daskare kamar ƙanzon miya. Ya tace fetur da farin ƙyalle a murfin kwalba, yana ɗauko ganye da hantsaki yana tsomawa, yana gogewa da auduga, ba ya bari yatsa ya taɓa. Da ya zo kan ɗan kunnen nan mai jinkirta ɗauka, sifirin ɗinsa, wato 'yar wayar ƙarfen da ke jan sa, ya tsinke a hannunsa, na ji ƙarar kamar a cikin haƙorina.

"Innalillahi! Mande, ka kashe ta!"

"Zamna, kai dai. Wanga na masu gudu su shiga hoto na. Kai da ko tahiya da ƙyar, ina za ka ruga?"

Ya cire wannan ɓangaren gaba ɗaya ya ajiye gefe. Haɗawar farko ba ta yi ba, ganyayen suka hau juna ba daidai ba, ƙyauren ya ƙi rufewa. Na koma gida na kasa cin tuwo. Washegari ya sake kwancewa ya sake jerawa, yana ta mita yana zagin wanda ya ƙera ta. Can ya miƙo mini ya ce in gwada. Na murza hannun, ya tafi sumul har ƙarshe. Na juya idon ya kalli bango, na danna. Ta ce ƙyas. Wannan ƙarar rabona da ita tun kafin in tura ta adaka. Muka yi ta gwadawa da kunne. In tana da ɗumi ƙarar tana fita a tsaye, in ta huce sai ta riƙa ja kafin ta rufe. Mande ya ce akwai sauran mai can ciki inda bai isa ya kai ba, in ɗauka da rana, kada in yarda da inuwa ko sanyi. Zaren bakin murfi kuwa uwarku ce ta murza mini sabo da baƙin ulun da take saƙa, ta kawo. Na kankare tsohon na liƙa sabon da gam. A kusurwa guda bai zauna sosai ba, na danna na sake dannawa, na ga kamar ya yi.

Fim ya zama wani aikin. Yayanku Bello ne ya yi ta bugun waya har ya sami wani a Ikko da ke sayarwa kuma yake wankewa. Aka ba wani direban motar albasa da zai dawo Aliero ya riƙo. Naɗi guda ne, mai hoto goma sha biyu. Babu halin gwaji, domin kafin a kai a wanke a dawo, ranar asibiti ta wuce.

Ana gobe za a tafi da Yaya Hajo asibiti muka je Maiyama ni da uwarku. An yi ruwa da asuba, gari ya yi sanyi, rana ta ƙi fitowa. Yaya Hajo ta sha baƙin zanenta na rini da farin mayafi, an sa mata kujera a ƙarƙashin rumfa domin tsakar gida ta jiƙe. Hassi ta gaishe ni ta shige ɗaki ta ja labule. Na so a jira rana, amma na ga zaman yana wahalar da ita. Na rataya kyamarar, na buɗe murfin sama, na sunkuya. Ga ta nan a cikin gilashi, 'yar ƙarama, tana kallona. Na daidaita, na sake daidaitawa. Yatsana yana kan maɓalli ya ƙi motsi.

"Hali, ka mutu tsaye na?"

"Ina daidaitawa ne, Yaya."

"Ƙarya kaka yi. Arzika kaka gani. Ji nan in gaya ma. Ciwon ga na cikina tun kahin ka buɗe adaka. Motar Arzika kuwa taya ta hwashe mata, ba hoto ta kalla ba. Danna."

Na danna. Na ji ƙyauren ya ja kafin ya rufe, zuciyata ta faɗi. Na murza na sake, haka. Na yi ta ɗauka ina fatan ko guda za ta faɗa daidai, gumi yana zubo mini duk da sanyin, kowace ƙara tana gaya mini ba ta yi ba. Ban gaya mata ba. Sai da ya rage saura ɗaya rana ta keto, tsakar gida ta haske. Kyamarar kuma ta yi ɗumi a jikina. Na ce a matsar da kujerar cikin rana. Aka matsar. Sai ta ce a kawo wata kujerar.

"Zo ka zamna nan. Kulu, matarmu, karɓi abin ga."

"Yaya, ni kuma? Ai ke za a ɗauka."

"In cin mutane takai, ta ci mu tare, in raba ka da wagga wahala. Zamna, na ce."

Tunda nake ban taɓa tsayawa a gaban idon nan ba. Amma ban taɓa yi mata musu ba tun ina goye, ba ranar zan fara ba. Na daidaita nisan, na rataya wa uwarku, na nuna mata maɓalli, na je na zauna kamar wanda za a yi wa aski da wuƙar da ba a wasa ba. Uwarku ta sunkuya ta leƙa.

"Malam, kun juye! In na yi dama sai ku yi hagu!"

"Ke dai kak ki ɗiga mata mai," in ji Yaya Hajo, ashe labarin man gyaɗa ya riga mu zuwa Maiyama.

Ta fashe da dariya har tana riƙe ciki, uwarku ma ta yi dariyar da rabonta da ita tun ranar tankaɗe, a cikin haka ta danna. Ƙarar ta fita a tsaye, ƙyas. To wannan ita ce fuskar da kuke yi wa dariya.

Na naɗe fim ɗin a baƙar leda na sa a gwangwani na kai Aliero da kaina. Rabona da tsayawa inda ake lodin albasa tun ranar Yaya Arzika. Warin nan, da ihun 'yan dako, da buhuna jere, babu abin da ya sauya. Direban ya karɓa yana dariya, ya ce Baba ko zinari ne a ciki. Na ce ya dai tafi a hankali. Na tsaya har motar ta ɓace, kuma ban daina yi masa addu'a ba sai da Bello ya ce saƙo ya isa.

An yi wa Yaya Hajo aiki ta farfaɗo. Da na shiga wurinta abin da ta fara tambaya shi ne ko hoto ya zo. Na ce yana hanya. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya rufe ta, Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. A wurin zaman makoki na yi wa Hassi gaisuwa, ta amsa wa na kusa da ni ta tsallake ni. Har yau ba ta sake taka gidan nan ba, in mun haɗu a sha'ani gaisuwarta ba ta wuce kalma biyu. Kada ku riƙe ta. Uwa ta rasa, kuma ta roƙe ni ban ji ba. Na san abin da take ji, domin ni ma a makonnin da suka biyo baya jiran nawa ajalin na yi ta yi. Ko kaina ya sara sai in ce ga shi nan. Na bi maƙwabta gida-gida ina neman gafara, har Mande ya ce in na sake zuwa neman yafiyarsa zai ƙi yafewa don ya ga abin da zan yi.

Hotunan sun zo bayan sadakar arba'in. Waɗanda na ɗauke ta ita kaɗai a rumfa duk sun ƙone, fari fat, sai inuwar mayafi kamar hayaƙi. Ƙyauren ya daɗe a buɗe, kamar yadda kunnena ya gaya mini. Na ƙarshen ne kawai ya fita, a ɗan karkace, tana dariya haƙoranta waje, ni kuma ga ni nan yadda kuka sani. Da na ga farin da ya ratso ta kafaɗarta, na ɗauko kyamarar na buɗe bayanta na duba. Daidai kusurwar nan ce da ulun bai zauna ba. Haske ne ya sami rami ya shiga. Don haka ku daina cewa alama ce. Gwaggonku mutuniyar kirki ce, ba ta buƙatar ramin zare ya shaide ta. Na sa an yi wa Hassi nata na ba uwarku ta kai. Ba ta aiko da godiya ba, amma ba ta maido ba.

Game da ɗaya maganar, ku kalli hoton da kanku. Mu biyu ne a ciki, ido ɗaya ya kalle mu, a ƙiftawa ɗaya. Ita ta tafi, ni ga ni ina rubutu, na ci daminu bayanta. In wani ya sake gaya muku kyamarar Hali tana cin mutane, ku nuna masa tsohon nan mai zare ido a gefen dama.

Ban mayar da ita adaka ba. Tana kan kanta a ɗakina, inda iska ke ratsawa. Mande ya ce maganinta motsi, don haka duk Juma'a in na dawo masallaci sai in sauko da ita in murza in danna, ba fim a ciki. In na mutu wanda ya gaje ta ya ci gaba da haka, kada kuma a sa mata mai kowane iri, ko uwarku ce ta kawo. Ba zan ce muku tsoron ya fita duka ba. Har yanzu sai na juya idonta ya kalli bango kafin in danna. Wannan kuma ku bar ni da shi.